Kudin kwanon majami'armu a hannuna suka kone

Salama a gareku yan uwa. Na dade ina so in rubuta wannan abu ina fasawa, sau biyu ina farawa ina gogewa saboda kunya, amma tunda na riga na tsaya a gaban ikilisiya na fada da bakina to babu sauran abin boyewa, kuma nasan akwai matasa da yawa irina da suke rike da waya a aljihu suna zaune a benci ranar Lahadi, bakinsu na waka zuciyarsu na kan wasan kwallon karfe uku da suka yi caca a kansa.

Ni mutumin kasar Sumaila ne a jihar Kano, wani dan kauye ba nisa sosai da Gani, ba zan fadi sunansa ba don kada in ja wa mutanen da basu ji ba basu gani ba magana. Kakana Bamaguje ne har ya mutu, Baba ne ya fara karbar bishara tun yana saurayi, mu kuma a cikinta muka tashi. Gidanmu gidan noma ne, dawa da gero da gyada, da shanun huda guda biyu da Baba yake ji dasu kamar yayansa. Tun muna yara mun san caca, amma caca a wurinmu ita ce wadda ake yi a bayan kasuwa karkashin tsamiya, mutane sun yi da'ira an baza karta a kan tabarma, ga taba ga zagi, wani lokaci har a zare wuka. In Baba ya ganka ka tsaya kallo ma kawai to ranar sai jikinka ya gaya maka. Yakan ce dan caca da barawo uwarsu daya, bambancin kawai shi dan caca da rana yake nasa. Da wannan na girma, kuma shi ne ya rude ni daga baya, domin abin da na fada ciki bai zo da tabarma ko karta ba, a cikin waya yazo tsaf-tsaf, muna kiransa sanin kwallo.

A ranin 2019 na tafi cin rani cikin Kano ina leburanci a wurin gini, muna kwana mu shida a daki daya a Sabon Gari. Daya daga cikinmu kullum da dan dogon takarda a aljihu, in an tashi aiki sai ya tsaya a wani shago ya buga. Wata Asabar yace min kai da ka san kwallo haka kake zaune kana barin kudi suna wuce ka, kawo dari kawai. Na bashi dari, na zabi wasa bakwai, da daddare aka ce tikitina ya ci dubu takwas da dari hudu. A lokacin sai in yi kwana da kwanaki ina daukar bulo a ka kafin in hada wannan kudi. Har yau ina tuna yadda hannuna yake rawa da mai shagon yake kirga min su. Da a ce ranar darin nan tawa ta tafi da watakila ban sake komawa ba, wannan cin na farko shi ne mafi munin abin da ya same ni a duk labarin nan.

Na sayo wa matata turmin atamfa, na sayo wa Inna sabulu da man shafawa, sannan, wannan ne yake min ciwo in na tuna, na cire dari takwas da arba'in na sa a ambulan na kai zakka ranar Lahadi. A raina na dauka Allah ne ya bude min kofa. Daga nan in zan buga sai na rufe ido nayi addu'a a kan tikitin, ina cewa Ubangiji ka sani in na ci zan yi wa gidanka aiki. Har azumi na taba yi saboda wasan karshen mako. Wato na mayar da Allah kamar bokan da kakana yake zuwa wurinsa da zakara, in baka kaza ka bani kaza.

Da na dawo gida da damina ban bar abin a Kano ba, na riga na sayi babbar waya na bude asusun caca, ba sai naje shago ba, mai POS na bakin hanya zai sa min kudi, in hau tudu wurin da sabis yake kamawa in buga abina. Abu na farko da ya fara mutuwa a jikina shi ne son gona. Noma na duke tsohon ciniki, haka muka ji ana yi masa kirari, amma ni in na duka da fartanya sai inji zuciyata tana ce min wannan wahalar ta wata biyar tikiti daya zai biya ta. Ina sharar gona ina lissafin od, wato ninkin da kamfani zai biya ka in ka ci. Baba yana magana ina amsawa da e ko a'a ban ma ji me yace ba. In na ci dubu uku sai in fada wa kowa a majalisa, in na rasa dubu goma a sati ba mai ji, ni kaina ma bana kirgawa, abin da nake rikewa kawai shi ne saura wasa daya, kullum wasa daya ne yake yanke min, to kaga gobe zan dace kenan.

Akwai wani yaro dan kanin Baba, a lokacin yana aji biyar a sakandare, yaro mai kai sosai, yana bina duk inda na shiga yana ce min Yaya. Ni da hannuna na bude masa asusu da sunana saboda shekarunsa basu kai ba, na koya masa yadda ake hada wasanni. Ku rike shi a rai, zan dawo kansa.

Magana ta kai kunnen Baba Fasto, dattijo ne da yayi makarantar Littafi Mai Tsarki a Tofa, ba mai hayaniya bane. Wata Laraba bayan addu'ar yamma yace in tsaya. Yace dana, naji wai kana taba wannan abin na waya. Ni kuwa dama na shirya, nace Baba Fasto ni dai a nuna min aya daya da tace kada a yi caca, in an nuna min yau na bari. Na zaci zai fara kame-kame, sai yace babu, kalmar bata cikin dokoki goma, kuma ba zan kirkiro maka ayar da babu ita ba. Yace makwabtanmu Musulmi su nasu a fili yake, an ambaci caca tare da giya a suratul Ma'ida, mu namu sai ka zauna ka duba abin da take yi wa zuciya da abin da take yi wa makwabci. Ni ina jin yace babu sai na toshe kunnena daga sauran. Har na kara da cewa ai manzanni ma kuri'a suka jefa da zasu zabi Matiyas a madadin Yahuza, yana nan a Ayyukan Manzanni sura 1. Yayi murmushi yace to da aka jefa kuri'ar waye ya tafi gida da kudin wani? Nayi shiru, amma na fita ina ganin ni nayi nasara.

Wani abokina dan Katolika da muka yi aiki tare a Kano ya taba ce min a katekizim dinsu, wato littafin koyarwar addininsu, an rubuta cewa wasan sa'a shi kansa ba rashin adalci bane, yana zama laifi ne in ya hana mutum abin da zai biya bukatarsa da ta wadanda suke wuyansa, kuma an yi gargadi cewa son abin yana iya mayar da mutum bawa. Gaskiya ya fada min duka, bai rage ba. Ni ne na yanke rabin farko na sa a aljihu ina yawo dashi ina kafa hujja, rabin karshen da yake magana a kaina kai tsaye na yar.

A 2021 aka zabe ni ma'ajin zumuntar matasa, saboda ina da waya da asusun banki kuma na iya rubutu, kuma dan gidan Baba ne, ba wanda zai kawo wani abu a ransa. Majami'armu ginin kasa ce, kwanon ya tsufa duk ya huje, in ana ruwa ana sujada sai an rika jan benci ana tara roba. Sai muka ce a daminar 2022 zamu yi gonar gayya mu sayi sabon kwano. Wani dattijo ya bamu aron fili, muka shuka gyada da waken suya, duk Asabar da sassafe mu fita mu wajen ashirin, yan mata na kawo kunu, akwai wata tsohuwa gwauruwa da bata da abin bayarwa sai ta rika dauko mana ruwa a tulu daga rijiya tun daga cikin gari, tana cewa ita ma a sa sunanta a cikin kwanon. Allah ya sa albarka, da aka sayar kudi suka kama dubu dari da tamanin, aka ce Ma'aji ya ajiye a banki zuwa bayan Kirsimeti a hada da baikon godiya a sayo kwano.

Kafin sati biyu na taba dubu ashirin. Ban kira shi sata ba, aro na kira shi, zan mayar ranar Asabar. Asabar tazo ta wuce dasu.

Sai aka fara gasar cin kofin duniya a Katar. Ranar Talata 22 ga Nuwamba 2022 Ajantina zata buga da Saudiyya, kowa yasan Ajantina tayi wasa 36 a jere ba a doke ta ba, ga Messi, ai wannan ba wasa bane kyauta ce, haka na gaya wa kaina. Od din kadan ne kwarai, don haka sai ka zuba kudi mai yawa kafin ka ga wani abu. Nayi lissafi in na sa dubu dari da hamsin ribar zata kusan toshe ramin da na haka, in mayar da kudin mutane cif in tuba in bari. Har alkawari nayi wa Allah a bayan rumbu cewa wannan ne na karshe. Karfe sha daya na safe aka take wasa, muna tsakiyar aikin kaka, nace wa Baba cikina ke ciwo, na hau keke na tafi gidan kallo. Minti goma Messi ya ci fenariti, na sauke ajiyar zuciya. Suka kara zura kwallo har sau uku ana kashewa wai satar gida, ban damu ba, nace ai zasu kara. Da aka dawo hutun rabin lokaci cikin yan mintuna Saudiyya ta farke ta kara ta biyu. Gidan kallon nan ya kaure da ihu, mutane na tsalle a kan benci ana kabbara ana rungume juna, ni ina zaune a tsakiya jikina yayi sanyi kamar an kwara min ruwan randa, ina kallon agogon talabijin ina rokon Allah da duk ayar da na haddace. Aka tashi biyu da daya.

Dubu goman da ta rage ban kai ta gida ba. Akwai wata kwallon da kwamfuta ce take bugawa ba mutane ba, duk bayan yan mintuna an gama an sake sabuwa, na zauna a gindin wata darbejiya ina bugawa ina cewa ko rabi ne in dawo dashi, kafin rana ta fadi asusun babu ko sisi. Gumin mutum ashirin na damina guda, da ruwan tsohuwar nan, tsakanin hantsi da magariba.

Abin da ya biyo baya karya ce a kan karya. Bayan Kirsimeti aka ce Ma'aji a ciro kudi, sai ga canjin kudi ya shigo, farkon 2023 kowa ya san halin da aka shiga, takardar naira ta bace, mutane na kwana a layin banki, masu POS na yanka son ransu. Wahalar da ta sa mutane kuka ni ita ce ta zame min mafaka, duk wanda ya tambaya sai ince kudi na nan sun makale, ku ma kuna gani. Har tausaya min ake yi ana ce min sannu da zirga-zirga. A cikin wannan watannin na sayar da tunkiyar matata nace mata sace ta aka yi a kiwo, na ci bashi a wata manhajar bada lamuni ta waya, duk na zuba ina neman in dawo da kudin kwano, garin neman gira na karasa rasa ido. Bana barci. Na rame har Inna ta fara jiko min magani tana zaton shawara ce. Akwai daren da na dade a tsaye a dakin da muke ajiye maganin feshi, ba zan ce komai a kai ba sai dai ince kukan yata ne daga daki ya dawo dani, kuma duk wanda ya kai wannan wurin don Allah ya tashi wani ya fada masa ko karfe nawa ne.

Wajen Ista kudi sun fara samuwa, shugaban matasa yace to ba sai an ciro ba, mu tafi tare a tura wa mai kwano ta waya, hadari ya fara haduwa. Aka sa ranar Litinin. Daren Asabar ina kwance na juya wa matata baya sai naji tace Maigida, ba barci kake ba na sani. Tace tunkiya na san ba sace ta aka yi ba, wanda ya saya matarsa yar garinmu ce, tun a satin na sani nayi shiru ina jira ka fada min da kanka. Tace tunkiya tawa ce na yafe, amma in abin da nake tsoro ne ya faru da kudin majami'a to kada ka bari a ji a bakin wani. Ban san lokacin da na fara kuka ba, kato dani, ta rike min hannu har asuba bata kara cewa komai ba.

Da sassafe na sami Baba yana ba shanu harawa, na durkusa na fada masa. Ya dade bai juyo ba. Da ya juyo cewa yayi nawa ne, na fada, yace a kama jan san nan a kai kasuwar Wudil ranar Juma'a, a biya kudin mutane shiru, kada sunan gidan nan ya fita. Baba mutum ne da a zamaninsa ya sha gori saboda ya bar hanyar iyayensa, sunan kirki shi ne kadai dukiyar da yake tinkaho da ita, na gane abin da yake ji. Muka tafi wurin Baba Fasto tare kafin a shiga sujada, Baba ya kawo shawararsa. Baba Fasto yace Dattijo, san naka zai biya kwano amma ba zai warkar da yaron nan ba, abin nan a boye ya girma, in aka sake rufe shi a boye zai sake tohowa, kuma in ka biya masa yau ka koya masa cewa akwai mai biya. Suka dade suna magana, Baba har da hawaye, abin da ban taba gani ba. A karshe aka tsaya a kan za a sayar da san saboda damina ba zata jira ba, amma bashi ne a kaina zan biya Baba har sisin karshe, kuma zan tsaya a gaban jama'a in fada da bakina.

Na tsaya. Ban iya daga kai ba, kafafun mutane kawai nake gani. Na fadi adadin, na fadi karyar banki, na fadi tunkiya. Wani daga cikin matasa ya tashi ya fita yana cewa a kai ni wurin yan sanda, kuma yana da gaskiya. Aka sauke ni daga ma'aji, aka sa ni karkashin horo, bana cin Jibin Ubangiji bana rike komai, a bencin baya nake zama. Da aka tashi kowa ya wuce ni, sai tsohuwar nan mai ruwa ta tsaya tace dan nan, ka ci abinci kuwa yau? Wannan tambayar tafi duk zagin da aka yi min zafi.

A watannin horon duk Alhamis ina zuwa wurin Baba Fasto, a nan ne na saurari sauran maganar da na toshe kunne a kanta. Bai taba ce min ga ayar caca ba har yau. Tambaya yake yi. Yace dubu takwas dinka ta farko daga ina ta fito, kamfanin gona yake dashi ko masaka? Nace a'a. Yace to kudin wani lebura ne irinka da ya rasa a ranar, watakila matarsa na jiran cefane. In ka sayar da buhun gyada kai ka samu mai saye ya samu, kowa ya tafi da abu a hannu, amma a caca ba yadda za a yi ka yi dariya sai wani yayi kuka, to yaya zaka ce kana kaunar makwabcinka kamar kanka alhali addu'arka ita ce ya fadi? Ya bude min Fitowa 20 inda aka hana kyashin abin makwabci, da 1 Timoti 6 inda Bulus yace masu son su yi arziki suna fadawa cikin jarraba da tarko, kuma son kudi tushen kowace irin mugunta ne, da sura 5 inda yace wanda bai kula da iyalinsa ba ya musunci bangaskiya. Karin Magana 13:11 kuwa kamar dani aka rubuta ta, dukiyar da aka samu a saukake tana zubewa, mai tarawa kadan-kadan shi ne tasa take karuwa. Ranar da ya karanta min Yohanna 19, sojoji a gindin gicciye suna jefa kuri'a a kan rigar Yesu shi kuwa yana sama yana zubar da jini, sai na tuna kaina a bencin majami'a ina leka sakamakon wasa a karkashin littafin wakoki lokacin da ake addu'a.

Na tambaye shi zakkar da na bayar daga kudin caca fa? Yace Allah baya cin rashawa dana, kuma komai da yake hannunka dama nasa ne, kai mai riko ne kawai, tun kafin a baka kudin matasa kai ma'aji ne, lafiyarka da gonarka da darin nan ta farko duk ajiya ce. Sannan ya nuna min mai karbar harajin nan na Yariko da ya hau bishiya a Luka 19, yace ka lura tubansa bai tsaya a baki ba sai da ya kai ga mayar wa mutane hakkinsu.

Akwai wani malamin lissafi a ikilisiyarmu da yake koyarwa a firamare, shi kuma ta wani gefen ya bullo min. Ya zana a kasa da tsinke, yace a ce ni da kai mun sa dari-dari a kan abu mai fuska biyu daidai wa daida, kudi sun zama dari biyu, adalci shi ne mai ci ya dauki dari biyun, amma kamfani zai baka misali dari da casa'in ya rike goma, ko waye ya ci shi ya ci. In kuma ka jera wasa goma irin haka a tikiti daya to yankan nan sau goma ake yi maka shi, kafin a busa usur darinka ta koma kamar sittin. Yace shi yasa suke son dogon tikiti suna yi maka kwalliya da miliyoyin da zaka ci. Shekara hudu ina ce wa kaina masanin kwallo, ashe lissafin an gama shi tun kafin in zabi kungiya.

Daminar 2023 da sa daya muka shiga, sai mun hada da na makwabci ana karba-karba, hudarmu ta makara, ga cire tallafin mai ya sa komai ya tashi, Baba da tsufansa ya koma rike fartanya a inda da shanu ne suke yi. Bai taba goranta min ba ko sau daya, da ma ya zage ni da yafi min sauki. Na sayar da babbar wayar na sayi karama mai tocila, katin banki yana hannun matata. Da rani na tafi wajen Kura aikin tumatir da shinkafa, abin da na samu kashi uku ne, gida, Baba, da masu lamunin da suka bi duk lambobin da ke wayata suna tura wa mutane sako cewa ni macuci ne.

Ba zan yi muku karya cewa tun ranar ban sake ba. Ranar 11 ga Fabrairu 2024, wasan karshe na kofin Afirka, Najeriya da Kwaddibuwa a Abijan, na ba wani yaro dari biyar ya buga min a wayarsa. Da Ekong ya ci wa Najeriya kwallon farko naji abin nan ya taso min tun daga tafin kafa, irin na ranar farko sak, kamar ban taba tuba ba, na tsorata da kaina. Aka ci mu biyu da daya. A daren na fada wa matata, da safe na fada wa Baba Fasto, aka kara min wata uku a kan horon. Tun daga nan bana shiga gidan kallo, ba wai kallon kwallo zunubi bane, ni ne na san inda kafata take zamewa.

A Oktoban 2024 naji a rediyo Hisbah ta rufe shagunan caca da dama a cikin Kano. Wani abokina Musulmi da muke noma kusa da juna yace min ai ku ba ruwanku, a unguwanninku ba a hanawa tunda addininku bai hana ba. Ba da mugun nufi ya fada ba, abin da ya gani ne, kuma irina ne muka nuna masa haka. Nace masa ni dai addinina ya hana ni, sai dai na dade ban yarda in ji ba. Kuma ko an rufe shago na cikin waya yana nan, yaro yana kwance a dakin uwarsa zai iya kona kudin takin gidansu ba wanda ya ji motsi.

An dawo dani cikin zumunta, kwano yana kan majami'a, ranar da aka fara ruwa muna ciki na rika jin kararsa a sama ban iya waka ba. Kudin Baba saura dubu talatin da biyar, in Allah ya kai mu kaka zan cike.

Yaron nan dan kanin Baba shi ne ban san yadda zan biya ba. Kudin rajistar jarrabawarsa ta fita sakandare da uwarsa ta tara da kuli-kuli a asusun da na bude masa suka tafi, bai rubuta ba, kunya ta sa ya bar gari, yanzu yana wajen Abuja wai yana aikin gini, kuma naji har yanzu yana bugawa. Uwarsa tana amsa gaisuwata amma bata kallon fuskata. Duk Lahadi da yamma ina hawa tudun nan da nake hawa da in buga, in kira shi, wani lokaci ya dauka wani lokaci ya ki. Satin da ya wuce ya dauka, nace masa in ya yarda ya dawo zan sayar da gyadata in biya masa rajistar bana, yayi shiru can yace Yaya bari in gani zuwa karshen wata akwai abin da nake jira. Na san abin da yake jira. Don Allah duk wanda ya karanta wannan ya sa shi a addu'a, Lahadi mai zuwa ma zan sake kira.